Yatsan Kawu Rilwanu

Kawu Rilwanu ƙanen mahaifiyata ne. Karatun ƙira'a ya kawo shi Alƙahira daga Gusau, karatun bai ƙare ba, ya zauna yana ɗinki a unguwar Hayyin Ashir. A wajen malaman ƙira'a ya fara sanin makam, wato hanyoyin da murya ke bi, kowace da sunanta da yanayinta.

Wata rana ya kai ɗinkin labule unguwar Abbasiya, gidan wani tsoho Ba'armeniye mai gyaran ud, Ammu Garbis, wato Baffa Garbis. Ud ɗan'uwan garaya ne, mai ƙaton ciki. Tsohon na kaɗa waƙoƙin da kakarsa ta zo da su daga Istanbul, waɗanda ya ce Turkawa da Girkawa da Armeniyawa kowa na rantsuwa nasa ne. Kawu ya ajiye labulen ya zauna. Daga nan kowace Juma'a bayan masallaci can yake, yana koyon kaɗa ud.

Abu ɗaya ya gagare shi: fita daga makam Rast zuwa Huzam. Akwai sautin da ake takawa a tsallaka, Turkawa na ɗan ɗaga shi sama da inda Misrawa ke ajiye shi, tazarar ba ta kai faɗin farce ba. Ud kuma ba shi da alama a wuya, kunne ke nuna wa yatsa wuri. Kunnen Kawu na Masar ne, kullum yatsansa can yake sauka.

"Ya Usta Rilwan," in ji Ammu Garbis, don Usta suke ce wa gwanin sana'a, "ka sake shigowa gidan kakata da takalmin masallaci."

"To kakar taka ta matso da ƙofar mana!"

Sai jin kunnen Kawu na hagu ya fara tafiya. Likita ya ce ba zai dawo ba, kuma na dama ma zai bi na hagu. Ni na fara raka shi, don ba ya jin kwandastan mota. A hanya ya ce min, "Husaina, ba na roƙon komai. In ji kaina na tsallaka sau ɗaya, khalas, shi ke nan."

Mama ta yi faɗa. "Rilwanu, ɗan jin da ya rage maka, ba ka adana shi don kiran salla ba?"

"Yaya, kiran salla ko ban ji ba na san lokacinsa."

Da abin ya yi nisa, sai ya riƙa ɗora haɓarsa a kan cikin ud, wai rawar katakon na shiga masa ta ƙashi. Ammu Garbis ya daina tsokanarsa. Yakan kama yatsan ya tura shi gaba kaɗan, ya sake, yatsan ya koma.

Ranar Juma'ar ƙarshe, Kawu ya fara Rast a hankali, ya hau, ya taka sautin, ya wuce cikin Huzam. Ni ban san kiɗa ba, amma na ji ɗakin ya canza. Ammu Garbis ya cire tabaransa yana goge ido.

Kawu ya ɗago. "Me ya ce?"

Na matsa kusa da kunnensa na ɗaga murya. "Ya ce tamam! Ka samu, Kawu!"

Ya dubi tsohon, ya dube ni, ya yi murmushi. "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Tausayina kuke ji."

Ammu Garbis ya rantse da kabarin kakarsa. Ni ma na rantse. Kawu ya goge igiyoyin da hannun rigarsa, ya miƙa masa ud ɗin, ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, ya Ammu. Na ɓata maka lokaci."

Bai sake komawa Abbasiya ba. Yana nan a shagonsa, keken ɗinki na ƙara ba ya ji. Wani lokaci in na kai masa abinci sai ya riƙe min hannu ya ce, "Yanzu ba kowa, faɗa min gaskiya." In faɗa masa. Ya girgiza kai, ya koma kan ɗinkinsa.