Yabon da ya maƙale mini a wuya

Ko zan manta komai a duniya, ba zan manta wata ukun nan da na yi ina shirga wa wata baiwar Allah ƙarya kowace Laraba ba, har ƙaryar ta raba ni da ɗana na fari.

A shekarar da sojoji suka karɓi mulki ne, damina kuma ta yi mana gardama. Gero ya bushe a tsaye bai fid da kai ba. Maigidana, kamar yawancin mazan Matameye, bai ma jira kaka ba ya tsallaka Kano cin rani, ya bar ni da mahaifiyarsa da yara uku. Babban cikinsu shekararsa tara, kuma Allah ya sani yaron nan ya gallabe ni. Yau ya yi dambe a lakwal, wato makarantar boko, gobe ya kwance akuyar maƙwabta, jibi an kama shi da hannu cikin tukunyar mutane. Ni kuwa ba ni da magani sai tsumagiya. In na dake shi ba ya kuka, sai dai ya kafe ni da ido har ni in gaji in sauke hannu. Da labari ya kai wa ubansa, sai ya aiko direba da saƙo: in ya dawo shuka ya tarar yaron bai natsu ba, zai miƙa shi ga ƙanensa mai gyaran mota can kudancin Najeriya, tafiyar kwana biyu.

Ana cikin haka aka yi shela cewa mata masu yara su taru a filin meri, ofishin magajin gari. Muka kwasa da gudu, kowa da buhunta a hammata, don mun ɗauka hatsi za a raba. Ashe wasu masu bincike ne. Suka ce suna son su gwada ko koya wa iyaye dabarun tarbiyya yana rage rashin jin yara. Za su yi mana tambayoyi a kan ƴaƴanmu, a jefa ƙuri'a, rabi a koya musu, rabi su jira, bayan wata uku a sake tambaya a ga wane ɓangare ne yaransu suka fi gyaruwa. Wata tsohuwa ta naɗe buhunta ta ce, "Ku ba su tuwo ku ga natsuwa," ta kama hanya, mata da yawa suka bi ta. Ni na tsaya, don ina da abin da ya fi yunwa ci mini rai. Na sa hannu a ƙwarya na ɗauko takarda, ta fito da alamar masu karatu.

Malamar da ke koya mana mutuniyar Damagaram ce, mai sanyin magana. Abin da ta ɗora mana ba shi da yawa. A ajiye bulala. Kullum ki nemo abu ɗaya mai kyau da yaro ya yi, ko da ƙanƙane ne, ki kira sunansa, ki dube shi, ki faɗa masa kin ji daɗi. Mata suka yi ta dariya, ni kuwa ban ga abin dariya ba. Ɗan fari fa! Mu yadda muka taso, uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, balle ta yabe shi. Kunya ce, kuma da ita ake gane ƴar mutunci. Shekara tara ina kiransa "kai", in zan yi zancensa in ce "wancan".

Na ɗaga hannu na ce, "Malama, in ɗan fari ne fa?"

Ta ce, "Shi ma kunne gare shi, yaya."

Ta ba kowa ɗan kati da fensir, duk ranar da ka yi yabon ka ja layi. Nan fa na zama gwanar jan layi. Kowace Laraba, a hanyar zuwa aji, sai in raɓe gindin bishiyar bedi in ja bakwai reras. Malama ta duba ta yi murmushi, har misali take yi da ni. Bulala kam na rage, wannan gaskiya ne. Amma yabon, ko sau ɗaya bai fita daga bakina ba. Kullum sai in ce gobe.

Akwai safiyar da har yau ban manta da ita ba. Ruwa ya yi wuya a lokacin, layin famfo sai mai ƙarfin kafaɗa. Da hantsi sai ga yaron ya shigo da jarka cike a ka, wuyansa na rawa, rigarsa sharkaf. Ba wanda ya aike shi. Daga baya na gane cewa uwar abokinsa tana ajinmu, ya ga yadda ake yi wa abokin a gida, shi ma ya zo ya gwada sa'arsa. Ya sauke jarkar a gabana ya tsaya yana haki, yana dubana. Surukata na zaune a bakin ɗaki tana tsinkar tafasa. Wallahi maganar ta taso mini har maƙogwaro, sunansa na kan harshena. Na saci kallon tsohuwa, ita ko ɗago kai ba ta yi ba. Sai na ji bakina ya ce, "Juye a randa."

Ya juye, ya dawo ya sake tsayawa.

Na ce, "Me kuma kake jira?"

Ya juya ya fita. Kafin la'asar aka zo mini da ƙara, ya fasa wa wani yaro kai da dutse.

Da wata uku suka cika, wata budurwa ta zo da takardun tambayoyi. Yana faɗa? Yana yi. Yana ɗauke-ɗauke? Yana yi. Kin bi abin da aka koya miki? Na miƙa mata katina cike da layuka. Ta rubuta ta tafi. A taronmu na ƙarshe mata suka yi ta ba da labarin yadda ƴaƴansu suka sauko, wasu kuma suka ce da sauƙi dai. Malama ta ja ni gefe ta riƙe hannuna ta ce, "Ke kin yi iyakar ƙoƙarinki. Akwai yaran da abin ba ya kama su, kada ki zargi kanki." Tausayina take ji, ni da na cuce ta na cuci aikinta. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Hadarin farko na haɗuwa maigida ya dawo. Ya zauna a tsakar gida ya tambayi labarin yaron. Kafin in buɗe baki surukata ta ce, "Har masu takarda sun gwada sun kasa." Ya juyo ya ce, "Haka ne?" Magana ɗaya ce ta rage mini: ban gwada ba, a ba ni wata guda. Amma faɗin haka tamkar in ce ina son ɗana na fari ne a gaban uwar mijina. Na sunkuyar da kai, shi kuma ya ɗauki shiruna a matsayin amsa.

Ranar tafiya kudu ina daka yaron ya zo ya durƙusa da ɗan ƙullin kayansa ya ce, "Inna, za mu tafi." Na ce, "Allah ya kiyaye hanya," idona na cikin turmi. Sai da na ji ƙarar ƙyauren gida na saki taɓarya na shige ɗaki.

Yau magidanci ne, yana da garejinsa, yana aiko mini da atamfa, yana kira duk sallah. Gaisuwa ce mai ladabi, irin wadda zai yi wa kowace tsohuwa a unguwa, minti biyu an gama. Bara na yi ta maza, na kira sunansa a waya na ce, "Kai yaron kirki ne, tun kana ƙarami." Ya yi ƴar dariya ya ce, "Inna, lafiya kuwa? Ko jikin ne?"

Ban san abin da masu binciken nan suka gano a ƙarshe ba. Abin da na sani, a cikin takardunsu akwai yaron da aka rubuta cewa an yi masa komai bai gyaru ba, alhali ba a taɓa gwadawa ba. Ni dai abin da na koya, kyakkyawar magana tana da lokacinta. In yaro ya tsaya a gabanka yana jiranta, ka ba shi a take, ko wa ke zaune a wurin. Nawa ya jira ta yana ɗan shekara tara, na kai masa ita lokacin da ya riga ya koyi rayuwa ba tare da ita ba.