Kwanon da kakana bai rage ba

Warin naman gwangwani ne ya tono mini abin. Ranar Juma'a ce a ɗakinmu na haya a unguwar Hor Al Anz, can ƙasar Larabawa, wani ɗan Kano da muke zama tare ya fasa gwangwani, talabijin kuma tana nuna tsoffin hotunan yaƙin Jamus: an buɗe ƙofar sansani, fursunoni suna fitowa kamar sillen kara. Na ƙura ido ina neman baƙar fata ko ɗaya. Babu.

"Yalla, canza tasha, malam," in ji shi. "Rigimar Turawa ce, ina ruwanmu?"

Ina ruwanmu!

Ka san al'adarmu: dattijo in ya ci, sai ya rage a kwano ya miƙa wa yara. Kakana bai taɓa yi ba. Mu jikoki muna zaune muna haɗiyar yawu, shi ko ya suɗe kwanonsa ya kife. A garinmu, can gabas da Maraɗi, tsohon soja mai rowa ake ce masa.

Shekarar fari, ƙanwata ta rame har kuka ya gagare ta. Da hatsin agaji ya iso, Inna ta tuƙa tuwo ta cika mata kwano. Tsohon ya taso yana ɗingishi ya fizge.

"Kunu!" ya daka tsawa. "Ludayi guda, a dakata!"

Mata suka ɗauki salati. Baba ya daina gaishe shi har damina ta faɗi.

Kakata ce ta gaya mini dalili, tana bakace a tsakar gida. Faransa ta kwashe shi daga gona tare da ƙaninsa, Jamusawa suka kama su suka tsare bayan waya mai ƙaya. Ɓawon dankali suke tsinta a shara. Sanyi ya cinye masa yatsun ƙafa. Ranar da aka buɗe ƙofa, sojojin da suka ceto su suka raba naman gwangwani. Shi ne babba, sai ya ɗanɗana ya miƙa wa ƙaninsa sauran, yadda aka koya masa a gida. Yaron ya haɗa da nasa ya cinye. Hanjin da ya daɗe a bushe bai ɗauka ba. Kafin la'asar ya cika a hannun yayansa, ga ƙofa a buɗe.

Ƙanwata tana nan da ranta, har ta yi jikoki. Amma waɗanda suka ɗebo su, da waɗanda suka gana musu yunwa, babu wanda ya zo ya ce wa tsohon nan sannu. Allah ya isa! Mu ma ba mu ce ba. Yau dattawan da suka san labarin duk sun kwanta dama, a garinmu kuwa har gobe in yaro ya hana ɗan'uwansa loma, da sunan kakana ake zaginsa.