Shirun da Na Yi wa Yaya

Yayana makanike ne a unguwar Amriguébé. Shi ya rene ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya koya mini tuƙi, kuma tasin da nake ci da ita bai taɓa yarda wani ya sa mata hannu ba. Mutum ne mai taurin kai, ga alfahari da idonsa. Ba ya awo. Sai ya ɗaga ƙarfe ya duba sau ɗaya ya faɗi irinsa, kuma haka ɗin ne.

Amma idon nan ya fara tafiya. Na ga yana zuba shayi a gefen kofi, na ga ba ya gane maƙwabci sai ya yi magana. Matarsa ma ta gani. Duk muka yi gum, don in masu motoci suka ji, gareji ya mutu, kuma daga garejin gidan ke ci.

A wata bazara sitiyarin motata ya fara wasa. Yaya ya ce kiremayer ce ta gama aiki, wato dogon ƙarfen da ke kwance a ƙarƙashin inji yana juya tayoyin gaba. Irin tata ta ɓace a gari, sai ya samo ta wata mota ya ɗaura, ta zauna daram. Saura biyelet, ƙarafa biyun da ake murɗawa a bakinta dama da hagu su kama tayoyi. Tsofaffin sun ƙi shiga, dole a nemo waɗanda haƙoran murɗinsu irin nata ne.

Da hantsi muka tafi unguwar Paris-Congo wurin mai kayan mota, Yaya riƙe da guntun ƙarfen da ya gwada a bakin kiremayer ya shiga lafiya. Shagon cike, har da makanikai biyu da suka koyi aiki a hannunsa. Mai shago ya zube biyelet iri uku a kan tebur, ya kira Yaya da Metir, wato ogan makanikai.

"Metir, zaɓi da kanka. Wa ya isa ya nuna maka?"

Yaya ya ɗauki ɗaya ya kai dab da hancinsa, ya juya wajen ƙofa yana neman haske. Ya bi haƙoran da babban yatsa, yatsan da aiki ya mai da shi kamar tafin ƙafa. Sai ya ce, "Wannan. Kalas, magana ta ƙare."

Daga inda nake tsaye ina gani. Haƙoran guntun ƙarfensa ƙanana ne a matse, na wanda ya zaɓa manya. Na buɗe baki, na dubi makanikan nan biyu, na rufe. Ƙane ba ya gyara wa yayansa a gaban jama'a, balle a kan sana'arsa. Na ce a raina sai mun hau hanya. A hanya kuwa sai raha yake, yana tsokanata wai ni direban banza ne, ban san komai ba sai hon. Na kasa faɗa masa. Da muka isa gareji muka tarar da wani mai mota yana jira, na sake cewa bari mutumin ya tafi.

Bai tafi ba. Yaya ya shiga ƙarƙashin motata ya murɗa biyelet ɗin, zagaye biyu ƙarfe ya cije. Da can da nan take zai tsaya. Ran nan sai ya zura bututu a sifana ya danna da ƙarfinsa duka, har na ji abu ya saki. Ya laluba bakin kiremayer, garin ƙarfe ya biyo yatsansa. Haƙoranta sun cinye, ta tashi aiki. Mai motar ya yi sallama a hankali ya ja motarsa.

Yaya ya fito ya zauna a ƙasa.

"Ka gani tun a shago?" ya tambaye ni.

"Na gani, Yaya."

"Idon nawa fa? Tun yaushe kuka sani?"

"Tun daminar bara."

"Kun sani, kuka bar ni."

Bai yi faɗa ba, wallahi da ma ya mare ni. Washegari na kai shi asibiti. Likita ya daɗe yana haska idon, sannan ya ce abin da ya tafi ya tafi, wanda ya rage ma sai addu'a. Ya juyo gare ni ya ce me ya hana mu kawo shi tun bara.

Garejin a rufe yake har yau. Nakan je gaishe shi kowace Juma'a, ya amsa mini kamar baƙo. Ina jin haushin kaina, haushin da ba ya raguwa. Na ɗauka girmama shi nake yi.