Fatihar da Aka Shafa a Zaurenmu

Mahaifinmu kayan ɗinki yake sayarwa a Ƙofar Wambai, kuma har ya koma ga Allah ban taɓa ganin ya sa hannu a kan ciniki ba. In an yi magana a gaban mutane, an shafa fatiha, to an gama. Da wannan tarbiyya yayata ta tashi. Ni da na yi boko nakan ce mata duniya ta sauya, ita kuwa sai ta ce bokon ne ya koya min zargin mutane.

Bayan rasuwar mijinta ta dawo gidanmu da ke gindin Goron Dutse, ta tara matan unguwa waɗanda mazansu suka mutu suka bar su da 'ya'ya. Kowace ta kawo keken ɗinkinta aka jera a tsakar gida. Suna ɗinka zanin gado da rigar filo, abin da aka samu a raba, a cire na marayu. Aikin bai taka kara ya karya ba, don haka yawancinsu rabin yini suke yi, su koma kan sana'arsu.

Sai aka fara faɗa a rediyo cewa an gyara tsarin ba da kwangila, za a riƙa tunawa da ƙungiyoyin taimakon kai da kai. Ba a jima ba wani jami'i ya zo da tawagarsa. Aka yi musu shimfiɗa a zaure, aka kira limamin unguwa da dattawa biyu. Jami'in ya ɗaga zanin gado ɗaya, ya ja bakin ɗinkin, ya jinjina kai.

"Hajiya, ana neman zannuwan gadon asibiti masu yawa. Irinku ake nufi da wannan gyara. Aiki naku ne, in sha Allahu."

Liman ya yi addu'a, aka shafa.

Da suka tafi na ce, "Yaya, kada a taɓa almakashi sai an ga abu a rubuce."

Ta ce, "Kai dai kana da ciwon takarda. Mutum ya faɗa a gaban liman, me ya rage?"

Washegari ta tara matan ta ce kowace ta ajiye abin da take yi, aiki ya samu na dindindin, ita ta tsaya musu. Suka yarda, don ba ta taɓa faɗa musu abu ya tashi ba. Akwai wata mai tuyar awara a ƙofar makarantar firamare, 'ya'yanta biyar. Ta bar wa wata wurin da ta yi shekaru tana zama, ta dawo ɗinki gaba ɗaya. Suka kwashe ɗan abin da ƙungiya ta tara suka sayo farin yadi. Tun daga bakin lungu ake jin ƙarar kekuna, har zannuwa suka cika ɗakin marigayiya mahaifiyarmu.

Ni aka aika ofis lokacin da aka buɗe neman kwangilar. Gyaran yana nan yadda aka faɗa, ƙungiya tana iya nema. Amma sai ta nuna ta taɓa yi wa gwamnati irin aikin, kuma banki ya tsaya mata. Na tambayi jami'in yadda wanda ba a taɓa ba shi ba zai taɓa yi. Ya ce wallahi shi ma abin ya dame shi, amma ba shi ya tsara ba. Na yarda ba ƙarya yake yi ba, kuma wannan ya fi ƙona min rai.

Wani mai kamfani aka ba wa, wanda ko allura bai mallaka ba. Ya ji labarin akwai kaya a ɗinke, ya zo har gida ya taya su a abin da da ƙyar ya kai kuɗin yadi. Na so in kore shi. Yaya ta ce in bari, yara ba za su ci zanin gado ba. Mota ba ta shiga lungunmu, saboda haka matan ne suka yi ta ɗaukar kayan a ka suna kai masa bakin titi.

Da aka gama suka dawo tsakar gida suka yi cirko-cirko. Mai awarar nan ta gyara mayafi, ta matso kusa da Yaya, ba tare da wani ɗaci a muryarta ba.

"Hajiya, gobe mu zo?"

Yaya ta dubi matar. Ta dubi ƙasa. Tun muna yara ban taɓa ganin an yi mata tambaya ta rasa amsa ba, kuma na ji tausayinta har na kasa kallonta. A ƙarshe ni na ce musu kowace ta zo da wanda zai taya ta ɗaukar kekenta.