Kalmasa Ba Zare

Shekara ashirin da shida ta yi a ƙarƙashin matattakalar babban ginin da ke tsakiyar layin kantunan masu hannu da shuni, kuma har ta bar wurin akwai masu zaton nas ce. Laifin sunan ne. Mai Allura ake ce mata, to baƙo in ya ji an ce masa, "Sauka ƙasa Mai Allura ta duba ka," sai ya ɗauka wani ciwo aka hango a jikinsa. Wani bawan Allah ma ya taɓa shigo mata yana naɗe hannun riga. Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Sauke hannunka, ɗan'uwa, ni ƙafar wando nake yi wa."

Aikinta ke nan, ba ta ɗinka sabo. Mutum ya sayi wando a sama ya yi masa tsawo, ko siket ya yi wa mace yawa a ƙugu, ko hannun kwat ya rufe yatsu, sai a turo shi ƙasa. Ta rage, ta matse, ta yi kalmasa, ta goge, ya tafi kamar don shi aka yanka yadin. Ɗakin taku huɗu ne a tsaye, uku a kwance, rufinsa a karkace saboda matattakalar, dogon mutum sai ya sunkuya. Keken ɗinki na jikin bango, madubi na bayan ƙofa, sai wani ɗan akwatin katako da mai kaya yake hawa ita kuma ta durƙusa da fil a baki. Gwiwoyinta sun yi kanta tun tana da sauran ƙuruciya. Mijinta, tsohon direban bas da ya ajiye aiki, Likita yake kiranta don tsokana, in ta dawo ya ce, "Likita, yau ƙafa nawa aka yanke?"

Lokacin da ta fara, kantin tufafi goma sha ɗaya ne a ginin. Ko ba a faɗa mata daga inda kaya suka fito ba, ta sani. Mai Kwat, wani dattijo da ke hawa na farko, da alli yake yin alama, layi ɗaya siriri kamar da reza. 'Yan'uwan nan mata biyu masu rigunan amare fil suke cusawa har sai ya soke ta. Mai kayan yara ba ya alama ko kaɗan, sai dai ya aiko uwa da ɗa su yi ta gardama a gabanta, uwa ta ce a bar tsawo zai girma, ɗa ya ce taka shi yake yi.

Ɗakin ba haya aka ba ta irin ta sauran ba. Masu ginin sun rubuta shi a matsayin ɗakin hidimar kantuna, da sharaɗi ɗaya: kowace shekara kantin tufafi ko da guda ne ya sa hannu a takarda cewa yana bukatarta. A wancan zamani abin dariya ne. Sa hannun har rasa wuri yake yi, wasu su juya bayan takardar.

Ba rana ɗaya abin ya lalace ba, shi ya sa ba ta san ranar da ya kamata ta fara kuka ba. Masu rigunan amare suka fara tashi, aka liƙe gilashinsu da takarda wata biyu, da aka yaye sai ga wayoyin hannu a jere. Mai kayan yara ya bi bayansu, wurinsa ya zama gidan shan kofi. Kantin wani mai sayar da yadi da ke kusurwa ya koma na tabarau. Daga nan turare, daga nan agogo, daga nan wani kanti da har yau ban gane masa ba, wanda ba a sayar da komai a ciki sai kyandir mai ƙamshi, a gini da wutarsa ba ta taɓa ɗaukewa ba. Kowane sabon ɗan haya ya zo, sai ta wanke hannu ta hau ta yi masa barka da zuwa, ta ce tana nan ƙasa in akwai gyara. Su yi murmushi su ce sun gode, Mama. To me za ta rage a jikin kwalbar turare?

Ta taɓa tare manajan ginin a bakin lifta, wani matashi mai ladabi da ba ya rabo da waya a kunne. Ta ce, "Ɗana, wai masu tufafin nan laifin me suka yi ake ta sallamar su?"

"Ba laifi ba ne, Mama," in ji shi. "Masu ginin ne ke duba irin haɗin kantunan da zai jawo mutane. Yanzu ba don saye kawai ake zuwa ba, mutum yana son ya zauna, ya sha wani abu, ya ɗauki hoto."

"Tsirara suke zuwa ɗaukar hoton?"

Ya yi dariya sosai, lifta ta buɗe, ya shige. Da ta ba mijinta labari ya ce, "Ai sai ki koyi yi wa waya kalmasa, Likita." Ba ta yi dariya ba, shi ma daga ranar bai ƙara irin wannan wasan ba.

Shekara uku na ƙarshe hannu ɗaya ne a takardar, na Mai Kwat. Yakan sa tabarau, ya karanta ta tun daga sama kamar bai taɓa ganinta ba, sannan ya rattaba hannu ya hura wa tawadar iska. Aikin da yake turo mata bai fi wando huɗu ko biyar a mako ba, yawanci na tsofaffi irinsa da suka rage tsawo da kansu. Amma ɗaki na nan, keke na juyawa, tana da inda za ta nufa in gari ya waye.

Wata safiya ya sauko da kansa, abin da bai saba ba. Ya sunkuya ya shigo ya zauna a kan akwatin katakon. Ya ce, "'Yar'uwa, sun ce ba za su sabunta mini ba. Wai kantina ba ya kiran matasa."

Ta cire ƙafa daga kan keke. "Shekara talatin fa."

"Da ɗaya," ya ce. "Ni ba kaina nake ji ba, ɗana ya daɗe yana cewa in huta. Ke nake tunani. Takardar bana wata huɗu ya rage mata."

Ta ce Allah na nan. Ya ce haka ne. Ana jin takun mutane a saman kansu, masu hawa da masu sauka. Ranar da ya kwashe kayansa ba ta iya fitowa ta yi masa sallama ba, ta rufe ƙofa ta zauna tana warware wani ɗinki da ba ya bukatar warwara.

Aka liƙe gilashinsa da takarda. Dogo mai gadi, wanda ya kama aiki a ginin yana saurayi har furfura ta fito masa a gemu, shi ya zama ɗan leƙen asirinta. Sati na farko ya ce fenti ake yi. Sati na uku ya ce an kawo madubai. Sati na biyar ya sauko da gudu har yana buga kai a rufi.

"Inna! Hanga! Kwali-kwali na hangar rataye tufafi! Da mutum-mutumi guda takwas!"

"Masu ƙafa?" ta tambaya. "Ko irin na masu sarƙa, daga wuya zuwa ƙirji?"

"Da ƙafafunsu, Inna, har yatsu na ƙirga."

Ranar ta yi murna irin wadda ta manta yadda ake yi. Ta zuba wa keke mai, ta wanke madubi, ta biya kasuwa ta sayo zare kala goma sha biyu. Mijinta ya gan ta tana waƙa a kicin ya ce, "Likita ta samu marasa lafiya." Ta ce, "Rufe mini baki, Malam, kada ka sa mini ido."

Ta bari sai kwana uku da buɗe sabon kantin, sannan ta hau da hantsi, kafin mutane su cika. Kanti fari fat, sanyi kamar cikin firij, wanduna da riguna a rataye har bango. Wata yarinya mai fara'a, wadda ita ce shugabar wurin, ta tare ta. Mai Allura ta gaishe ta, ta faɗi ko ita wace ce, ta nuna ƙasa da yatsa. Tana cikin magana hannunta ya yi abin da ya saba, ya kamo ƙafar wani wando ya juya cikinsa. Ta bi kalmasar da farce tana neman zare. Ta ɗaga tabarau, ta matsa kusa da fitila, ta sake bi. Babu zare. Babu huda ko ɗaya ta allura, daga ƙugu har ƙasa.

"'Yata, ina ɗinkin?"

"Ba a ɗinka su, Mama. Da gam da zafi inji yake manne su. In aka yanka, bakin naɗewa yake yi, ba ya kwanciya kuma."

"To in ya yi wa mutum tsawo fa?"

"Sai ya dawo da shi, mu duba masa wani a waya, a kai masa har gida."

Mai Allura ta tsaya riƙe da ƙafar wandon. Ta daure ta ciro takardar daga jaka. Yarinyar ta karanta, fuskarta ta sauya, don ba muguwa ba ce. Ta ce ita ba ta da ikon sa hannu a kan komai, sai ta tura babban ofishinsu. Sannan, don kada tsohuwa ta fita hannu biyu, ta ce labulen ɗakin gwada kaya yana jan ƙasa, ko za ta rage musu?

Ta rage shi. Kwana biyu ta yi a kansa, aikin da bai fi awa guda ba, da hannu, ɗinki ɓoyayye wanda ko mai nema ba zai gani ba, wai ko za a ɗauki hoto a tura wa na babban ofishin su san wa ke ƙasansu. Yarinyar ta yaba har da tafi. Amsa ta zo bayan sati biyu, layi ɗaya: ba su da bukata.

Manaja bai aiko ba, ya sauko da kansa, ya ma cire wayar daga kunne. Ya ce wa'adin takardar ya cika, dole ta bar ɗakin, shi dai ya yi iya ƙoƙarinsa, kuma na yarda ya yi ɗan abin da ya yi. Dogo da mijinta suka ɗauki keken, ita ta rungumi akwatin katako. A unguwarsu tela biyar ne a layi ɗaya, kuma mutanen can in wando ya yi tsawo naɗe shi suke yi su wuce. Keken ya zauna a falo an rufe shi da zani. Takan tashi da sassafe ta yi wanka ta shirya, sannan ta tuna, ta zauna a bakin gado da jaka a cinya.

Bayan wata biyu ta kasa haƙuri ta hau bas ta je, ta ce wa mijinta gaisuwa za ta kai wa Dogo. An cire ƙofar ɗakinta, an fasa bangon gaba. A wurin an kafa wasu akwatunan ƙarfe masu ƙananan ƙofofi daga ƙasa har sama, inda masu saye ta waya ke jefa kayan da ba su yi musu daidai ba a mayar. Ta tsaya gefe tana kallo. Mutane na zuwa da leda, su danna lamba, ƙofa ta buɗe, su tura, su tafi.

Wani magidanci ya zo yana ta fama da lambar. Ƙafar wando ta leƙo daga ledarsa, yadi mai kyau, ruwan toka, kuma ko daga nesa ta ga ɗinki ne na gaske, da zare.

"Ɗan'uwa, me ya same shi?"

"Tsawo ya yi mini, Inna. Ga shi ina son sa, wannan ne na uku da nake mayarwa."

"Kara shi a ƙugunka in gani."

Ya zaro ya kara. Ta durƙusa a kan tayil, ta naɗe bakin, ta ciro allura da zare daga jaka, don ba ta taɓa fita babu su ba. Ta ce minti goma, ko tsayuwar ba zai ji ba. Mutumin ya yi murmushi ya ce to bismilla.

Sai ta ga takalman Dogo a gefenta. Bai kalle ta ba, bango yake kallo.

"Inna," ya ce a hankali, "ba a sana'a a nan. Don Allah. Kyamara tana kaina."

Kunya ta kama magidancin. Ya janye wandon daga hannunta yana ba da haƙuri, ya cusa shi a leda, wannan karon lambar ta karɓa. Ƙofar ta buɗe, ya tura, ta rufe, ya yi gaba da sauri.

Ita tana nan a durƙushe, zare a cikin allura. Ta kai hannu tana neman abin da za ta dafa ta miƙe, ko'ina ƙarfe ne mai santsi, hannun sai zamewa yake yi. Dogo ya saci kallon kyamarar, sannan ya sunkuya ya kama ta ta hammata ya ɗaga ta, ya raka ta har bakin titi.