Ƙarfen da Ke Hannun Kawu Jibo

Kawu Jibo Maɗori ba ya gaisawa da mutum ya sake shi nan take. Ku mutanen Gwaram kun sani: in ka miƙa masa hannu, sai ya bi ƙashin da yatsunsa tun daga wuyan hannu har gwiwa, sannan ya yanke hukunci. "Ka taɓa faɗowa daga jaki. Wa ya ɗora maka? Bai iya ba!" Ƙanin mahaifiyata ne, kuma ban taɓa jin yatsun nan sun yi masa ƙarya ba.

Na ɗauki alƙalami ne domin na gaji da yadda kuke ba da labarinsa a bakin kasuwa, wai maɗorin da aka kai asibiti ɗori, sai ku bushe da dariya. Ni na kai shi. Ku ji yadda aka yi, in ya so ku yi dariyar a inda ta dace.

A shekarun da kuɗin man fetur ya fara shigowa ne, ina ajin ƙarshe a jami'a, na zo hutu. Kawu ya hau gyaran jinkar rumbu, bayan ya kori duk wanda ya ce zai taya shi, ya faɗo a kan hannun dama. Ƙashi ya huda fata ya fito. Kwana uku yana kwance yana ba da umarnin yadda za a ɗaure masa karare, yana zagin masu ɗaurin, har hannun ya fara wari. Na samo motar gyaɗa, muka ɗora shi da ƙarfi zuwa asibiti a Birnin Kudu.

Likita ya ce sai an yi aiki. Malamin asibiti ya kawo takarda ya ce, "Baba, sa hannu."

"Wane hannun?" in ji Kawu. "Wanda ya karye, ko wanda nake tsarki da shi?"

"To ɗanka ya sa."

Ya juyo ya dube ni. "Kai Habu, in ka sa hannu, naka za su yanka?"

Na sa. A lokacin ina ganin mai jiran digiri ya wuce shawara da maɗori.

Da ya farfaɗo aka gaya masa an haɗa ƙashin da ƙarfe da kusoshi, an kuma rufe da siminti. Ɗakin marasa lafiya duka ya ji muryarsa.

"Ƙarfe! Kusa! Siminti! Habu, asibiti ka kawo ni ko wurin magina? Ka ce su ƙarasa, su yi mini rufin kwano!"

Kwana na biyar ya miƙe ya fara zagaya gadaje. Ya tarar da wani Bafulatani daga Wurno an rataye masa ƙafa da nauyi. Ya ce, "Bawan Allah, laifin me ka yi?" ya kama kwance igiyar da hannun hagu. Malamin asibiti ya sheƙo a guje.

"Haba Baba! Nan fa ba gidanka ba ne!"

"Da gidana ne, ai da tuni yana wurin kiwo."

Suka sallame mu kafin lokaci, kuma ban zarge su ba.

A gida sabuwar rigima ta tashi. Ba zai ci tuwo da hagu ba, kuma ba za a ba shi a baki ba. Matarsa, Inna Ladi, ta kawo cokali.

"Cokali na marasa hannu ne!"

"To Malam, kai wane iri ne yanzu?"

Kwana arba'in yana kafa kai a ƙwaryar kunu, don kawai kada ta ci nasara.

Da aka cire simintin, likita ya ba shi ƙwallon roba, ya ce ya riƙa matsawa safe da yamma domin yatsun su dawo daidai. Na yi masa bayani sau uku, da Hausa mai kyau. Ya ce, "Ni da furfurata in zauna a zaure ina matsa ƙwallo jama'a na wucewa?" Muna kan hanyar komawa ya cilla ta cikin gonar dawa ta saman mota.

Bayan wata shida na sake zuwa gida. Ina zaune a zaurensa aka shigo da wani manomi daga Kangire, ƙafarsa ta karye a ƙwauri. Kawu ya yi bisimilla, ya ɗora hannun dama, ya bi ƙashin. Ya sake bi. Ya bi na uku.

"Habu, zo. Sa yatsunka nan. Me ka ji?"

"Kumburi, Kawu."

"Kumburi! Ko akuya ta san kumburi! A ina ƙashin ya rabu? Gida biyu ne ko uku?"

"Ban ji ba."

Ya daɗe yana duban yatsunsa. Sannan ya ce wa mutanen, da muryar da ban san shi da ita ba, "Ku kai shi Birnin Kudu. Ni ma ban ji ba." Ya shige ciki. Bai ƙara ɗori ba har ya rasu.

Likita ya tabbatar mini cewa da ba a yi aikin ba, da hannun ya tafi, ko ma mai hannun. Na yarda. Amma ko wuƙa ce ta kashe yatsun, ko ƙwallon da ya jefar, yau shekara hamsin ke nan ban sani ba, kuma na rasa wanda zan fi jin haushi tsakanin shi da ni. Abin da na sani shi ne, ranar nan a zauren wani a cikinku ya yi dariya. Yana raye, ya san kansa, kuma ƙafar da yake zuwa kasuwa da ita Kawu ne ya ɗora ta.

Allah Ya jiƙan Kawu Jibo, Ya yafe masa zafin baki. Ranar da za a miƙa wa kowa littafinsa, Allah Ya sa ya karɓi nasa da hannun dama, yana jin kowane shafi a yatsunsa. Amin.