Na'urar da Ba Ta San Ɗaya Ba

Shekara ashirin da shida Anti Jan Biro ta yi a teburi ɗaya, na kusa da taga, a ofishin da take buga takardu. Ba mai kiranta da sunan yanka. Biron da ke maƙale a bakin jakarta shi ya cinye sunan. In kana da sa'a ta zagaye maka kuskurenka, in ba ka da ita ta ja layi ɗaya daga sama har ƙasa ta turo maka takardar. Tun zamanin keken rubutu ta fara aiki, lokacin da harafi ɗaya ke sa a sake shafi ɗungurungum, shi ya sa ba ta ga dalilin lallashin mai kuskure ba. Ta iya aikinta, wannan ko maƙiyinta ya sani. Maƙiyan kuwa sun kusa cika ofishin.

Da kwamfuta ta zo ko gezau ba ta yi ba, yatsunta goma suka koma kanta suka ci gaba da gudu. Sanarwar bana ce ta tsinka mata zuciya. Kowa a sashen zai yi mako shida yana koyon rubuta wa kwamfuta umarni, don a daina lissafin hutun ma'aikata da hannu. Wanda ya ci jarrabawa ya zauna a teburinsa. Wanda ya faɗi a mayar da shi ɗakin fayil, can ƙasan bene, inda ba taga sai warin tsohuwar takarda da kyankyasai. Saura mata shekara huɗu ta yi ritaya, kuma ta rantse ba a rami za ta ƙarasa su ba.

Malamin kuwa, cikin duk mutanen duniya, wani ma'aikacin ofishin da ake kira Injiniya aka ɗauko. Shekara tara da suka wuce, yana sabon ma'aikaci, ya kawo mata rahotonsa na farko, ta ja masa layin nan. Ya tambaya a ina ya yi kuskure, ta ce a gaban kowa, "Wanda bai ga kuskurensa ba, ni ba ni da lokacin nuna masa." Sau biyar ya dawo da takardar a ranar. Ita tuni ta manta. Shi kuwa ko kalar gyalen da ta yafa bai manta ba.

Mako biyun farko lafiya lau. A na uku ya ba su aiki mai sauƙi: su sa na'ura ta riƙa ƙara kwana ɗaya a kan kwanakin hutun ma'aikaci. Anti ta gama kafin kowa ya gyara zama, ta danna. Jan rubutu ya fito a ƙasan allon. Ta gyara tabarau ta karanta, sai ta ga wai na'urar ba ta san ɗaya ba.

"Kai Injiniya, zo ka ɗauke wannan akwatin naka. Wace irin na'ura ce ba ta san ɗaya ba?"

Ya zo ya tsaya a bayanta, hannu a aljihu. Ya dubi allon, ya dubi yatsunta, ya ɗan yi murmushi.

"Na'ura ƙalau take, Anti. Akwai kuskure."

"A ina?"

"A nemo."

Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Ba wanda ya leƙo ya taimaka mata, domin ba wanda jan biron bai taɓa ci ba. Ita ma ko da wuƙa a wuya ba za ta roƙi kowa ba. Ta goge layin ta sake bugawa, ta sake, ta sake. Ta kwafe shi a littafi ta tafi da shi gida, ta karanta shi harafi bayan harafi tana tsinke alayyafo, ba ta ga komai ba. Mijinta ya ce ko ta kira yaron nan ta ba shi haƙuri, ta yi masa kallon da ya sa ya tuna yana da wurin zuwa. Mako biyu cur tana kan layi ɗaya, aji ya wuce ta. Tsoro ya kama ta sosai. Ran nan har ta sauka ƙasan bene ta leƙa ɗakin fayil, ta fito tana atishawa.

Direban ofis ne ke zaune kusa da ita a aji, mutumin da ke buga rubutu da yatsa ɗaya kamar kaza na tsintar tsaba. Ana saura kwana uku jarrabawa ta juyo za ta sauke masa haushinta, sai ta ga yatsan nasa ya yi ta yawo, ya haura can sama ta hagu, ya danna ɗaya. Ta dubi nata hannun. Yatsanta na dama yana kwance a layin tsakiya, a kan ƙaramin harafin L. Keken da ta koyi aiki a kansa ba shi da lambar ɗaya, da wannan harafin ake buga ta. Shekara ashirin da shida tana cika takardun ofis da ɗayan ƙarya, ba wanda ya gane, don a ido kamarsu ɗaya. Ta miƙa ɗan ƙaramin yatsa, ya yi mata nisa kamar ba nata ba, ta danna. Jan rubutun ya ɓace.

Da aka tashi ta tare Injiniya a bakin ƙofa.

"Ka gani tun ranar."

"Tun kafin in ƙaraso teburin, Anti."

"Kuma ka bar ni, ina sa'ar uwarka?"

"Ai ke kika koya min. Sau biyar na hau benen nan."

Ba ta ba shi haƙuri ba, shi ma bai nema ba.

Ta ci jarrabawar da ƙyar, ita ce ta biyun ƙarshe. Ranar raba takardar shaida shugaban sashen ya ce kowa ya miƙa tasa a sa a fayil kafin a tashi, wanda ba a ga tasa ba da safe sai ƙasan bene. Injiniya ya miƙo mata tata da hannu ɗaya. Ta karɓa ta karanta, kamar yadda take karanta komai. An ci harafi ɗaya a sunanta. Ta dubi teburinta na bakin taga, ta dubi agogo, saura minti ashirin. Direba ya raɗa mata, "Anti, don Allah a bar shi haka."

Ta zaro biron. Ta ɗora bakinsa a saman takardar inda take fara jan layi, ta tsaya. Sai ta sauko da shi ta zagaye wurin harafin, ta tura wa Injiniya.

"Ga shi nan na nuna maka. Je ka sake, ina jira."